Jirgin tan 68,000 a kan ruwan tafki: yadda yake aiki da abin da ya hana shi fita teku

Tambaya: Na ga hoton wani dogon jirgin ruwa da aka ce tsawonsa ya haura mita 300, wai kuma bai taɓa shiga teku ba, a tafki kawai yake dako. Da gaske ne? Wane irin tafki ne zai ɗauki wannan? Me yake ɗauka, yaya ake loda shi a sauke, kuma me ya hana shi fita teku?

Da gaske ne, Malam, ba haɗin kwamfuta ba ne. Masu wannan tsawon guda 13 ne, dukkansu a Manyan Tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada. Mafi tsawonsu shi ne Paul R. Tregurtha, wanda ya fara aiki a 1981: ƙafa 1,013 da rabi, wato mita 309, faɗinsa kuma mita 32. Filin ƙwallo uku ke nan a jere, saura ƙiris. A takarda yana ɗaukar tan 68,000, kayan da in za a raba wa tireloli masu tan 30, sai an nemo sama da 2,200.

Kalmar tafki ce ke rikita mu, domin da an ambace ta sai mu tuna inda shanu ke shan ruwa, wanda ke ƙafewa da rani. Tafkin Superior kaɗai ya kai murabba'in kilomita 82,000, ya fi Jihar Neja girma, ya ninka Jihar Kano sau huɗu, kuma akwai inda zurfinsa ya kai mita 406. Jirgi kan yi kwana guda cur yana ratsa shi daga garin Duluth da ke ƙarshensa na yamma zuwa ƙarshensa na gabas. Amma duk wannan zurfin ba shi ne ke yanke girman jirgi ba. Abin da ke yankewa shi ne ƙofofi da mashigai da ke tsakanin tafki da tafki, kuma wanda ya gane wannan ya gane kusan komai game da waɗannan jirage.

Tafkunan biyar ba a bene ɗaya suke ba. Superior na sama, mita 183 daga matakin teku. Michigan da Huron suna wajen mita 176, daidai da juna, saboda mashigin Mackinac ya haɗa su. Erie na mita 174. Daga nan sai gangara mai tsanani zuwa Ontario, wanda ke wajen mita 75, kuma a tsakaninsu ne ruwan Niagara ke faɗowa. Jirgi ba ya hawa gangara, don haka aka gina masa ɗakunan ruwa: dogon akwati na kankare mai ƙofa gaba da baya, jirgi ya shiga, a rufe, a cika ruwa ya ɗaga shi ko a rage ya sauke shi.

A Sault Ste. Marie, inda kogin St. Marys ke fita daga Superior, saukar ƙafa 21 ce, kimanin mita 6.4. Babban ɗakin da ke nan, mai suna Poe, an sake gina shi a ƙarshen shekarun 1960 da tsawon ƙafa 1,200 da faɗin ƙafa 110. Da aka gama shi sai magina jirage suka ɗauki awo kamar tela: tsawo ƙafa 1,000, faɗi ƙafa 105. Na farko, Stewart J. Cort, ya fara aiki a 1972. Tsakanin Erie da Ontario kuwa akwai mashigin Welland, kilomita 43, ɗakuna takwas, saukar mita 99 da rabi, daga nan kuma wasu ɗakuna bakwai a kogin St. Lawrence kafin Montreal, hanyar da aka buɗe a 1959. Waɗannan ƙanana ne. Ba sa karɓar jirgin da ya wuce mita 225.5 a tsawo, mita 23.8 a faɗi, ko ya nutse fiye da kimanin mita 8. To ka ga amsar tambayarka ta ƙarshe: jirgin mita 309 a cikin tafkuna huɗu na sama aka haife shi, kuma babu ƙofar da za ta fitar da shi. Ko Tafkin Ontario ba zai taɓa gani ba, balle Atlantika.

Ko da ƙofar za ta buɗe, jikinsa ba na teku ba ne. An lissafa kaurin ƙarfensa ne a kan igiyoyin tafki, gajeru masu tsini. Igiyar teku doguwa ce, tana iya ɗaga goshin jirgi da bayansa ta bar tsakiya a rataye, kuma jirgin da tsawonsa ya ninka faɗinsa kusan sau goma, ga shi ba shi da tsayin jiki sosai, ba zai jure wannan na tsawon lokaci ba. Jiragen teku masu daidai awon ƙananan ƙofofin suna shigowa, su kawo ƙarfe da manyan injuna, su fita da hatsi. Mutanen wurin na ce musu masu gishiri. Nasu na gida kuwa, ko ya kai mita 300, da sunan da ake kiran kwalekwale suke kiransa.

Babban kayansu tama ce. A arewacin jihar Minnesota akwai tsaunukan Mesabi, inda aka kwashe tama mai kyau har ta yi ƙaranci bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ya rage wani dutse ne mai tauri, takonait, wanda ƙarfen cikinsa bai wuce kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari ba. Ana niƙa shi ya zama gari, a tsamo ƙarfen da maganaɗisu, a cuɗa da ɗan yumɓu, a mulmula ƙwallaye kamar gurjiya, a gasa a zafin da ya kai digiri 1,300. Abin da ya fito ya kai kashi 65 ƙarfe. Shi ake lodawa a tashoshin Duluth, Superior, Two Harbors, Silver Bay da Marquette, a kai masana'antun narka ƙarfe na Gary, Burns Harbor, Cleveland da Hamilton. Sai dutsen farar ƙasa daga Rogers City a Michigan, wanda tanderun narka ƙarfe ba ya yi sai da shi, da kwal, da siminti daga Alpena, da gishirin da ake barbaɗawa a tituna lokacin ƙanƙara daga Goderich a Ontario, da alkama daga Thunder Bay. Tsakanin tashoshin Amurka, wata doka ta 1920 ta ce sai jirgin da aka gina a Amurka, mallakar Amurkawa, da ma'aikata Amurkawa, shi ya sa jiragen ƙasashen biyu kowa da layinsa.

Siffar jirgin akwati ce kawai da aka ɗan goge wa baki. Ƙasansa shimfiɗe, gefensa a miƙe, goshinsa dunƙule. Tunda ƙofa ta ƙayyade tsawo da faɗi, mashigi ya ƙayyade zurfi, hanya ɗaya da ta rage ta ƙara kaya ita ce a cike kusurwoyin akwatin. Abin da aka sadaukar shi ne gudu, wanda ba ya wuce kilomita 24 zuwa 26 a awa, kuma tama ba ta ruɓewa balle a yi mata gaggawa. Tsofaffin jiragen suna da ɗakin tuƙi can a goshi, injin a baya, dogon fili a tsakani, domin matuƙi ya ga bakin ƙofa da idonsa. A goshinsu akwai wani dogon sanda da ya miƙe gaba, da shi mai riƙe da sitiyari ke saita hanya, tunda babu jikin jirgi a gabansa da zai gane juyawa da shi. Daga shekarun 1970 aka tattara komai a baya. A cikin manyan 13, Cort ne kaɗai ke da ɗakin tuƙi a goshi. Ma'aikata ashirin da 'yan kai ke tafiyar da jirgi irin wannan, masu tsaron tuƙi da na injin suna yin awa huɗu su huta takwas.

Lodi shi ne wurin da ake gane gwani. A tsofaffin tashoshi irin ta Marquette, mai aljihu 200, jirgin ƙasa ne ke hawa saman wata doguwar gada, ya zazzage tama cikin aljihunan da ke ƙarƙashinsa. Kowane aljihu na da mazurari na ƙarfe da ake saukewa cikin bakin rumbun jirgi, a buɗe, tama ta gangaro da nauyinta. Tazarar aljihunan ƙafa 12 ce, shi ya sa aka gina bakunan rumbun jirage a kan tazarar ƙafa 12 ko 24, wani awon da tasha ta tilasta wa jirgi. Sababbin tashoshi da bel mai tafiya suke zubawa. Ko ta wace hanya, in babu matsala, kafin awa 12 babban jirgi ya cika ya tashi.

Jirgi kan iso tasha da ruwa cike da tankunan gefensa da na ƙasansa, domin jirgi wofi farfelarsa kan fito waje, iska kuma ta riƙa tura shi kamar ƙwarya. Yayin da tama ke shiga, famfuna na fitar da wannan ruwan, kuma dole su tafi tare. In lodi ya fi famfo sauri, jirgi zai zauna a kan laka a bakin tasha. In famfo ya yi gaba, jirgi ya taso sama, mazurari ya kwanta, tama ta ƙi gangarowa. Mataimakin kyaftin na farko shi ke riƙe da tsarin: wane baki za a fara, tan nawa, sannan a tsallaka zuwa wanne. Ba a cika wuri ɗaya a gama sannan a matsa. In aka jibga nauyi a tsakiya, jirgi ya lanƙwashe ƙasa kamar igiyar shanya. In aka jibga a gaba da baya, ya yi doro. Kowanne na iya barin tsaga a ƙarfe wadda ba za a gani ba sai ranar hadari. Saboda haka yana yawo a bakin tasha yana karanta lambobin nutso da aka rubuta a goshi, tsakiya da baya, hagu da dama, kuma tan ɗari biyu ko uku na ƙarshe da su ake gyara zama.

Wanda ya leƙa rumbun da aka gama loda wa tama zai yi mamaki, domin tsibi-tsibi ne a ƙasa, sama duk wofi. Tama ta ninka ruwa nauyi fiye da sau biyu, jirgi kan kai iyakar nutsonsa rumbu bai cika ba. Kwal akasin haka ne, rumbu kan cika taf nauyi bai kai ba. Nauyin tama da ke kwance can ƙasa na sa jirgi ya yi tsauri, in igiya ta karkata shi ya dawo da ƙarfi kamar an mare shi, abin da ke wahalar da mutane da ƙarfe duka.

Ga lissafin da ke hana masu jirage barci. Shimfiɗar babban jirgi a kan ruwa ta kai murabba'in mita 9,300 in an cire abin da goshi da baya suka rage. Ke nan kowane santimita ɗaya na nutso daidai yake da tan 93 na kaya. Mashigan da aka yashe a kogunan St. Marys, St. Clair da Detroit ba su wuce mita 8 da 'yan kai ba, don haka tan 68,000 ɗin nan na takarda ba kasafai ake kai shi ba. In ruwa ya ja da santimita 30, ko laka ta taru ba a yashe ba, an bar tan 2,800 a tasha kowane sawu. Jirgin da ya yi sawu 45 a shekara ya yi asarar lodi biyu cur. A Janairun 2013 Michigan da Huron suka yi ƙasan da ba a taɓa aunawa ba, a 2020 kuma suka cika har suna cin gaɓa. Daidai ruwa daidai tsaki, a nan ba karin magana ba ne, lissafin kowace safiya ne.

Akwai kuma abubuwan da ke cin wannan santimita a ɓoye. Ruwan daɗi bai kai na gishiri ɗaukar nauyi ba, bambancin kashi 2.5 cikin ɗari, don haka jirgin teku da ya shigo yana ƙara nutsewa da kusan santimita 18 zuwa 20 ba tare da an ƙara masa ko buhu ɗaya ba. Gudu a ruwa marar zurfi na tsotso jirgi ƙasa, shi ya sa ake ƙayyade gudu a koguna. Rana ma na da nata: ta gasa saman jirgi ya miƙe, ƙasansa na cikin ruwan sanyi, sai ya yi doro, goshi da baya su ƙara nutsewa. Za ka ga ma'aikata sun kunna ruwa yana kwarara a kan filin jirgi da tsakar rana, ba wanki suke ba, sanyaya ƙarfe suke kafin a auna su a bakin ƙofa. Tafkin Erie kuwa, da yake matsakaicin zurfinsa mita 19 ne kawai, iskar yamma mai ƙarfi na tura ruwansa gabas kamar an karkata tasa, Buffalo da ke gabas ta cika, Toledo da ke yamma ta ja da mita ɗaya ko biyu. Sai jirage su jefa anka su jira ruwa ya dawo.

Shiga ɗakin Poe abin kallo ne. Jirgi mai faɗin ƙafa 105 cikin ɗaki mai 110, saura ƙafa biyu da rabi kowane gefe. Ba a shiga da saiti daga nesa. Kyaftin kan kwantar da goshin a jikin doguwar katangar da ke kaiwa ƙofa, da taimakon wata farfela da ke cikin rami a goshi mai tura jirgi gefe, ya riƙa gogar katangar a hankali, tafiyar da mai ƙafa zai wuce shi. Kafin nan an sauke matasa biyu ko uku ƙasa: kowanne ya zauna a kan ɗan katako da ke rataye da igiya a bakin wani sanda, a juya sandan waje, a zura shi kan katanga jirgi na tafiya. Su ke jan igiyoyin ƙarfe su maƙala a turaku. Da an shiga sai ƙofofin baya su rufe, ganye biyu da ke haɗuwa da tsini yana fuskantar ruwan sama, yadda nauyin ruwan da kansa ke ƙara matse su. Babu famfo ko ɗaya. Bawul ake buɗewa, ruwa kimanin lita miliyan 80 ya bi ta ramukan ƙarƙashin daɓe, cikin kamar kwata na awa jirgi ya hau ko ya sauka. Injiniyoyin sojan Amurka ke kula da wurin, kuma ba a biyan ko kwabo. A Welland matsin ya fi haka, ƙafa ɗaya kowane gefe, kuma yanzu wasu faifai masu tsotsa ke kama jikin jirgi maimakon igiya.

Raunin tsarin duka a nan yake. Ɗaki na biyu, MacArthur na 1943, ƙafa 800 ne da faɗin 80, manyan ba sa shiga. In ƙofar Poe ta lalace a tsakiyar shekara, mafi yawan tamar da masana'antun ƙarfen Amurka ke ci ta tsaya. Shi ya sa ake gina wani sabon ɗaki mai awonsa a gefensa.

Sauke kaya kuwa jirgin da kansa yake yi. A da wasu manya-manyan injuna ne a tasha, ƙirar George Hulett, ke zura baki cikin rumbu su ɗebo, har aka daina amfani da su a Cleveland a 1992. Yanzu ƙasan rumbu an yi shi da gangara kamar mazurari, da jerin ƙananan ƙofofi a gindinsa. Ƙarƙashinsu akwai rami da ya ratsa jirgin daga goshi zuwa baya, da bel mai tafiya a ciki. Masu ƙofa na buɗewa bi da bi bisa tsari, kamar yadda aka loda, kaya su zuba kan bel. A baya akwai inda bel biyu ke matse kayan a tsakaninsu su hau da shi sama, su zuba a kan wani dogon hannu mai mita 75 zuwa 85 da ke juyawa hagu ko dama. Na Tregurtha ƙafa 260 ne, yana iya zubar da tan 10,000 na tama a awa. Amfanin wannan ya wuce sauri: jirgi na iya zuwa inda babu ko ma'aikaci ɗaya, da tsakar dare, ya ɗaure, ya tsiba dutse a fili, ya kama gabansa. Farashinsa shi ne gangarar da ramin sun cinye wuri a rumbu, shi ya sa wasu jiragen hatsi na Kanada har yanzu ba su da hannu.

A ramin nan matsaloli ke taruwa. Jiƙaƙƙen kwal ko dutse da ya daskare kan yi gada a saman ƙofa, ƙasa wofi, sama ya ƙi faɗowa, sai an girgiza bangon da inji ko an zuba ruwan zafi, kuma wanda ya shiga rumbu ya tsaya a kan irin wannan gadar ya sayar da ransa. In mai ƙofa ya buɗe da yawa, bel ya cika ya zube, a tsaya a kwashe da shebur. Abin da aka fi tsoro shi ne ɗaya daga ɗaruruwan ƙananan gangunan da bel ke gudu a kai ya cije, ya yi zafi, roba ta kama wuta a rami mai ƙofa ɗaya ko biyu. Juya hannun waje ma na karkata jirgi, sai an rama da ruwan tanki a ɗaya gefen.

Tsawon ransu shi ne ladan ruwan daɗi. Jirgin dakon teku da ya shekara 25 ko 30 tsatsa ta gama da shi. A nan jiragen Arthur M. Anderson na 1952 da Alpena na 1942 sun shige shekara 70 suna dako, St. Marys Challenger kuma, wanda aka gina a 1906, ya yi aiki da injinsa har 2013 kafin a mai da shi kwandon dako marar inji da wani jirgi ke turawa. Abin da ke kashe su daga ciki yake fitowa: dakon gishiri na cin rumbu, goga da katanga na sirantar da gefe, sai kuma tsufan injin. Duk shekara biyar ake fitar da jirgi a busasshen rami a auna kaurin ƙarfensa. Da yake ba sa mutuwa da wuri, ba a cika gina sababbi ba. Mark W. Barker na 2022, mai ƙafa 639, shi ne na farko da Amurka ta gina wa tafkunan cikin kusan shekara 40, kuma da gangan aka gajarta shi don ya iya lanƙwasar kogin Cuyahoga a Cleveland.

Amma kada ruwan daɗi ya sa a raina su. Nuwamba ce watan tsoro, lokacin da iskar sanyi daga arewa ke haɗuwa da ruwan da bai gama hucewa ba. A hadarin Nuwambar 1913 sama da mutum 250 suka mutu. A Oktoban 2017 na'urar awo a arewacin Marquette ta nuna igiya mai mita 8.8. Igiyoyin kan zo kusa da kusa, su sa dogon jirgi ya riƙa lilo a tsakiyarsa kamar gora, har wanda ke tsaye a baya ya ga filin jirgin na lanƙwasa. An gina shi ya yi hakan, amma ƙarfe na gajiya. Carl D. Bradley ya karye biyu a Tafkin Michigan ranar 18 ga Nuwamba 1958, mutum 33 cikin 35 suka tafi. Daniel J. Morrell, ginin 1906, ya karye a Huron ranar 29 ga Nuwamba 1966, mutum ɗaya ya tsira cikin 29. Bincike ya nuna tsohon ƙarfensa na zama kamar gilashi a tsananin sanyi, kuma rabinsa na baya ya ci gaba da tafiya da injinsa kusan kilomita takwas kafin ya nutse.

Wanda aka fi nazari shi ne Edmund Fitzgerald, mai mita 222. Ya tashi daga tashar garin Superior ranar 9 ga Nuwamba 1975 da tan 26,116 na tama. Washegari da la'asar kyaftinsa, Ernest McSorley, ya gaya wa jirgin Arthur M. Anderson da ke binsa a baya cewa shingen gefe ya karye, bututun iska biyu sun tafi, jirgi ya karkata, famfuna na aiki. Jim kaɗan na'urorin radarsa biyu suka mutu. Da ƙarfe 7:10 na dare ya ce suna jurewa, bayan nan ya ɓace, kilomita 27 daga Whitefish Point da ke gabashin Tafkin Superior, da mutum 29, ba tare da ko kiran neman agaji ba. Hukumar tsaron gaɓar Amurka ta ɗora laifi a kan murafen rumbu da ba su rufu da kyau ba. Jirgin na da baki 21, kowanne da matsi 68 da ake ɗaurewa da hannu, 1,428 ke nan, kuma ko matsin ya ɗauru, in robar bakin ta mutu ruwa zai shiga. Hukumar binciken haɗurra ta ce murfi ne ya rufta a ƙarƙashin nauyin igiya. Ƙungiyar masu jirage ta ce ƙasansa ne ya gogi tudun dutse kusa da tsibirin Caribou. A ganina abubuwa biyu da ba a gardama a kansu sun fi gardamar muhimmanci. Tsakanin 1969 da 1973 an sassauta masa iyakar lodi sau uku, har yana nutsewa kusan mita ɗaya fiye da yadda aka tsara shi, wato igiyar da a da za ta wuce ƙasa yanzu a kan murafe take sauka. Na biyu, bangayen da suka raba rumbunsa ba sa tare ruwa, kuma ruwan da ya shiga cikin tama ɓuya yake a tsakanin ƙwallaye, ba a ganinsa, famfo ba ya samunsa da sauƙi. Bayan wannan aka tsaurara duba murafe da kayan ceto kafin hunturu, aka wajabta rigunan da ke kare jiki daga ruwan sanyi. Tun daga ranar babu babban jirgin dakon da hadari ya nutsar a tafkunan, kuma babban dalili shi ne hasashen yanayi ya inganta, kyaftin na yanzu kan laɓe a bayan Whitefish Point ko zirin ƙasar Keweenaw ya jira.

Mai tambaya zai iya cewa, to Tafkin Chadi fa? Faɗi ba ya ɗaukar jirgi, zurfi ke ɗauka, kuma Chadi a mafi yawan wurare 'yan mitoci ne kawai, yana kuma ja da cika da yanayi. Abin da ya fi kusa da wannan a yankinmu shi ne Tafkin Volta a Gana, inda ake tura kwandunan dakon siminti da man fetur daga Akosombo zuwa Buipe, su ma in ruwa ya ja duwatsun Debre kan tare musu hanya. Sannan zurfi kaɗai bai isa ba, sai da ma'adini a wannan baki da masana'anta a wancan, masu buƙatar juna da miliyoyin tan kowace shekara.

Shekarar aikin wata goma ce. Ana rufe ɗakunan Sault Ste. Marie ranar 15 ga Janairu a buɗe 25 ga Maris, don haka masana'antu kan tara tamar da za ta kai su bazara. Makonnin ƙarshe da na farko aikin wahala ne: feshin igiya na daskarewa a goshi ya ƙara nauyi, matsin murafe sai an narke su da ruwan zafi kafin a buɗe, ƙanƙarar da jirgi ya turo gabansa ta cika ɗakin ruwa har sai an fara sauke ta ita kaɗai. Jirgin fasa ƙanƙara Mackinaw da ƙananan 'yan'uwansa ke buɗe hanya a kogin St. Marys da mashigin Mackinac. In an rufe, jirage su kwanta a tashoshin Sturgeon Bay, Superior, Toledo da Erie, a zubar da ruwan bututu don kada ya daskare ya fasa, a bar mai gadi ɗaya, masu walda su shiga sauya farantan rumbu. Wannan lokacin hutun ma yana da haɗarinsa, domin ga walda, ga injin ɗumama, ga bel ɗin roba, ga bututun kashe gobara babu ruwa. A haka wuta ta gama da jirgin St. Clair a Toledo a Fabrairun 2019, ta kuma cinye bayan Roger Blough a Sturgeon Bay a Fabrairun 2021, dukkansu suna ɗaure a bakin tasha.